Wa ya kore su zuwa bayan dutse? Waiwaye kan labaran garuruwan ɓoye

A shagon ɗinkin kawuna da ke bakin babbar kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru, waya ce ta gaji aikin rediyo. Ana jingine ta da gwangwanin allurai, muryar wani mai karanta littafi daga Kano tana ta zuba, kekuna uku suna amsa mata. Makon jiya labarin wani saurayi ake saurare, wanda ya ɓata a daji, ya bi ta cikin kogo, ya ɓulla wani gari da duniya ba ta san da shi ba. Mutanen garin ba su taɓa ganin baƙo ba, sarauniyarsu kuwa tana ɗora ido a kansa ta ce shi take so. Ana cikin haka sai yaron shagon, ɗan ƙabilar Mafa daga wajen Mokolo, ya ɗago kai daga maɓallin da yake dasawa ya ce, "Baba, su waɗannan mutanen wa ya kore su har suka shige bayan dutse?" Kawu ya ce masa labari ne kawai, ya yi aikinsa. Amma na lura ya rage muryar wayar.

Iyayenmu ba su taɓa yi wa irin wannan labari wannan tambayar ba, ga shi kuwa sun sha shi sun ƙoshi. Bahaushe bai jira boko ba kafin ya san garin ɓoye. 'Yan bori suna da Jangare, birnin iskoki da ido ba ya gani, mai sarki da fadawa da gidaje kamar kowane birni. Dare Dubu da Ɗaya ya zo da Birnin Tagulla a tsakiyar hamada. Saboda haka da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, a ƙarƙashin Rupert East, marubutan ba su yi nisan kiwo ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga wannan gasa, duk sai da suka kai jarumansu ƙasar aljannu. Fatake ne suka shigo mana da waɗannan littattafai ta hanyar Yola da Mubi, a cikin kayan koli, aka riƙa karanta su a zaure da dare, mai boko ɗaya yana karantawa mutum goma suna ji. Kakata ta ce abin da ake gardama a kai a lokacin shi ne wa ya fi wayo tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sai kuma ko akwai ruwan da gaske.

A lura da abu ɗaya a labaran namu: mazauna garin ɓoye sun fi baƙon ƙarfi. Aljannu ne, shi kuwa ɗan Adam ne da ya zo neman magani, da ladabi da addu'a da ɗan wayo. In ya samu abin da ya zo nema, ya gode ya kama hanyar gida.

Na Turawa ba haka yake ba. A 1885 Baturen Ingila Rider Haggard ya fitar da King Solomon's Mines, inda Turawa uku suka tsallake hamada da duwatsu suka faɗa ƙasar Kukuwana, suka razana mutanenta da bindiga, da husufi, har da haƙoran roba na ɗayansu da yake cirewa yana mayarwa. Bayan shekara biyu ya ƙara da She, farar sarauniya mai shekaru dubu biyu tana mulkin baƙaƙe a cikin kogunan duwatsu. Mu da muka yi makarantar Faransanci ta wata ƙofar abin ya iso mana. Pierre Benoit ya rubuta L'Atlantide a 1919: sojojin Faransa biyu sun ɓace a duwatsun Hoggar na kudancin Aljeriya, suka tsinci kansu a fadar sarauniya Antinéa, wadda ke adana gawarwakin masoyanta a wani zaure na jan dutse. Littafin ya ci babbar kyautar Académie française a shekarar, aka yi fim ɗinsa a 1921, aka kuma zargi marubucin da kwaikwayon Haggard. A dukansu mutanen ɓoye 'yan Adam ne, mai ƙarfin kuwa farar fata ne, kuma duk wani abin kirki da aka tarar a garin, gini ne ko rubutu ko sarauta, sai an nemo masa asali daga wajen Afirka.

Mahaifina ya karanta L'Atlantide a makarantar sakandare a Garwa, a wani kwafi da bangonsa ya tafi, kuma har ya tsufa yana cewa bai taɓa karanta abin da ya hana shi barci kamarsa ba. Bai ga aibunsa ba a lokacin, don Hoggar ta yi masa nisa. Wanda ya ba su dariya shi ne na Jules Verne na 1863, mai labarin Turawan da suka ƙetare Afirka a cikin balan-balan, domin shi ya biyo ta kan Tafkin Cadi, inda ɗaya daga cikinsu ya faɗa ruwa mutanen tsibiri suka ɗauke shi abin bauta. 'Yan ajinsu da suka zo daga Kuseri sun san mutanen tsibiran nan, a wurinsu ake sayen banda. Daga nan aka fara gane cewa "ƙasar da ba wanda ya sani" tana iya zama garin kakan wanda ke zaune kusa da kai a benci.

Yankin namu kuwa kamar don irin wannan labari aka yi shi. Ga Sao, mutanen da, waɗanda ake cewa ƙattai ne masu ɗaukar giwa a kafaɗa, da masu bincike Faransawa Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka bi sawunsu a shekarun 1930, aka tono tukwanen binne gawa da mutum-mutumin yumɓu a bakin Shari da Logon. Littattafai suna kiransu al'ummar da ta ɓace, alhali Kotoko na Gulfe da Logon-Birni da Gawi suna nan suna cewa su ne jikokinsu, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Cadi ma sunan take amsawa. Ga kuma ƙabilar Koma ta duwatsun Alantika, a kan iyakar Kamaru da Nijeriya. A 1986 jaridun Nijeriya suka yi ta shelar an "gano" su a tsohuwar Jihar Gongola, har da hotuna. A ɓangarenmu, wajen Faro, masu kai gishiri kasuwannin gindin dutsen sai suka riƙa tambayar juna wane ne ya ɓatar da su tun farko.

Amsar tambayar yaron shagon tana rubuce, sai dai ba ta da daɗin ji. Hamman Yaji, wanda ya mulki Madagali a Nijeriya ta yau, ya bar littafin da ake rubuta masa abin da ya faru kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Ingilishi suka kama shi, aka buga fassararsa a 1995. A ciki ana lissafa hare-haren da ya tura kan ƙauyukan duwatsun Mandara da adadin bayi da shanun da aka kamo, kamar yadda ɗan kasuwa ke lissafin buhuna. Mutanen da ake kira da sunan raini Kirdi ba don sha'awar iska suka manne wa ƙolin duwatsu ba. Mahaya daga fili ne suke farautarsu, kuma kasuwannin da ake kai su akwai namu fatake a ciki. Wannan ɓangaren ba na jin ana karanta shi a zaure. Ba kuma gudu kaɗai suka iya ba: gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy da ke ƙasar Mafa, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2025, babu wata farar sarauniya da ta zo ta ɗora su.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, littattafan yaƙi da na matsafa suka cika teburan masu haya. Mun ba da sefa hamsin mun kwana da littafi, mun mayar da shi da maiƙon ƙosai a gefe. Marubutan sun haɗa gadon gida da na fina-finan Indiya da na Amurka, garin ɓoyen ya koma na matsafa masu yanka mutane, jarumi Musulmi ya zo ya rushe gunki ya auri gimbiya. Mun yi ta tafi. Sai da na girma na ga cewa mun ɗauki rigar Baturen Haggard ne muka sa wa kanmu, muka bar wa maƙwabtanmu na kan dutse matsayin Kukuwana.

Abin da ya fi sauya kunnen masu sauraro dai ba littafi ba ne. A watan Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza, 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga Rumsiki, aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Minawawo, a 2014 kuma aka kai hari Kolofata, Gwoza ta faɗa hannunsu a ƙetaren iyaka. Tun daga nan, in mai karatu ya ce ga wasu mutane can cikin daji da shugabansu da dokarsu, wanda ya shiga ba ya fita, ba kowa ke jin daɗin da muka ji ba. Wata ƙanwar mahaifiyata da ta baro ƙauyensu a wajen Mora takan tashi ta bar wurin in an zo nan. 'Yan mata kuwa, na lura, sun fi damuwa da gimbiyar: an tambaye ta kafin a fito da ita? Samarin da suka kalli Black Panther a 2018 su kuma Wakanda suke so a rubuta musu da Hausa, garin da ya ɓuya don ya fi kowa, ba don ya kasa ba.

Jiya na koma shagon karɓar ɗinkina. An kai babi na talatin da wani abu, saurayin ya auri sarauniya, yana shirin fito da mutanen gari su ga duniya. Yaron yana guga, bai ce komai ba. Kawu ne da kansa ya tsayar da keke, ya ciji zare, ya dube shi ya ce, "Kai, ɗana, a wajenku da can ina ake ɓoye yara in mahaya sun zo?" Yaron ya ajiye dutsen guga ya fara kwatanta masa wani kogo da ke bayan gonar geron kakansa, mai ƙofa daidai faɗin kafaɗar mutum ɗaya.