Ku sha zogalenku, amma kada ku ajiye ƙwayar asibiti

Kusan kullum labarin iri ɗaya ne. A shigo da dattijo a kan babur, ɗa a gaba, ɗa a baya yana tallafe da shi, baki ya karkace, hannun dama ya saki. A ce ina karnensa, wato littafinsa na asibiti, a zaro shi daga cikin leda ya nannaɗe. Rubutun ƙarshe ya yi watanni: ƙwayar hawan jini amlodipine 10, awon jini 14/8 (wato 140/80), a dawo bayan wata guda. Bai dawo ba. "Ina maganin da yake sha?" Sai babban ɗan ya ce, "Ai Baba ya warke, Dokta. Wani magani aka kawo masa, tunda ya fara sha bai ƙara ciwon kai ba." Sai a fito da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, cike da wani jan ruwa, sassaƙe kwance a gindinta. A ɗaura masa abin awo, a ga 21/12.

Daga Garwa har Marwa, daga Gidar har Kusiri, duk ma'aikacin lafiyar da ka tambaya ya san wannan gora. Mai ciwon suga ma da ita ake kawo shi, sai dai shi da gyambo a ƙafa yake zuwa, ko ido ya fara dishi-dishi.

'Yan uwa, don Allah ku saurara. Hawan jini da ciwon suga ba kamar zazzaɓin sauro ba ne da za a sha magani kwana uku a ce an rabu. Riƙe su ake yi, yadda ake riƙe doki da linzami. Ranar da awo ya nuna 13/8 ka ji garau, linzamin ne yake aiki, dokin yana nan da ƙarfinsa. Ka ajiye amlodipine, cikin mako guda ko makamancinsa ta gama fita daga jikinka, jini ya koma inda yake, kai kuwa ba ka ji komai ba. Rashin ciwon kai ba shaida ba ce. Akwai mai yawo da 18/11 yana ciniki a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, yana dariya, ko jiri bai ji ba. Gaskiya ne wani in ya rage ƙiba ya gyara cinsa, likita kan rage masa magani, har a wani lokaci a dakatar. Amma likita ne zai rage, da awo a gabansa. Ba kai ba, ba maƙwabcinka ba, ba mai lasifika a tasha ba.

Kada a ce mu ma'aikatan asibiti gaba muke yi da itatuwa. Metformin ɗin nan da ake ba mai ciwon suga, asalinta daga wata ciyawa ce ta ƙasar Turai, wani likitan Faransa mai suna Jean Sterne ya fara ba masu ciwon suga ita a 1957. Maganin zazzaɓin da kowa ke sha yau daga wani ganye dangin tazargade aka samo shi a ƙasar Sin. Kinin kuwa ɓawon itace ne. Bambancin ƙwaya da gora shi ne ma'auni. Metformin 500 ta yau da ta gobe da ta wata mai zuwa duk nauyinsu ɗaya ne ba daɗi ba ragi. Jiƙon gora fa? Na yau an tafasa shi minti goma, na gobe an manta shi a wuta awa guda. Sassaƙen rani daban, na damina daban. Shi kansa mai haɗawar ba zai iya gaya maka ƙarfin abin da ke cikin kofi ɗaya ba.

To bari mu bi abubuwan da ake ta tambaya a kai.

Zogale abinci ne mai kyau ƙwarai. A yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, a zuba a miya, a ci kullum in an samu. Haka shuwaka, rama, lalo, tafasa, kuka, kuɓewa. Ganye yana cika ciki, yana sa suga ya hau a hankali bayan cin tuwo. Amma cokalin garin zogale bai kai matsayin metformin ba, balle allurar insulin. Zoɓo, wanda muke kira folere, 'yan Cadi su ce karkanji, an gwada shi an ga yana ɗan sauke jini. Kalmar "ɗan" ɗin nan ku riƙe ta. Wanda ke kan 17/10, folere ba zai kawo shi 13/8 ba. Kuma wane folere? Wanda ake sayarwa a leda da sanyi, an narka masa suga har yana danƙo, ai wannan ga mai ciwon suga lemun kwalba ne da wani suna. In za a sha, a jiƙa a gida, a sa citta ko kanumfari, ba suga. Hulba da kirfa da tafarnuwa, a matsayin kayan miya da na shayi, ba laifi. Darbejiya kuwa, da maɗaci, da duk jiƙon da aka dafa ya yi kauri ana kwankwaɗa kofi-kofi safe da yamma wata da watanni, su ne muke jin tsoro, saboda hanta da ƙoda ne ke tace su. Wannan magana da ake cewa ɗaci yana kashe zaƙi, a baki kawai take. Jini bai san ɗaci ba.

Zuma fa? Muna girmama zuma, kuma Allah ya albarkaci tsaunin Adamawa da ita. Amma a cikin kashi 100 nata kusan 80 suga ne. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da wajen giram 17, ya haura dunƙulen suga uku. Hajiya ta bar suga ta koma zuba zuma cokali biyu a kunu, sannan tana mamakin awonta bai sauka ba.

Haɗari na biyu shi ne na masu haɗawa a ɓoye. Suna shan ƙwaya, suna shan jiƙo, ka tambaye su su rantse ba sa shan komai. Wanda ke kan glibenclamide, wadda da yawa suka sani da Daonil, ko yake kan insulin, ya ƙara da jiƙo mai sauke suga, kuma bai karya ba da safe, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da giram 0.70 a litar jini. Sai gumi mai sanyi, rawar hannu, yunwa mai tsanani, maganar da ba kai, daga nan suma. A gida a ce iska ce ta taɓa shi, a kama hayaƙi da tofi, alhali tun kafin ya suma dunƙulen suga uku a rabin kofin ruwa ne zai dawo da shi. Mu kuma a asibiti in ba mu san da jiƙon ba, sai mu rage ƙwaya muna zaton ta yi yawa. Ranar da jiƙon ya ƙare suga ya yi sama. Kun ɓata mana lissafi, kun cuci kanku.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. An sha kama garin magani da ake cewa "na itace zalla" a ƙasashe daban-daban, aka gwada aka tarar an daka ƙwayar asibiti a ciki, wani glibenclamide, wani dexamethasone. Dexamethasone tana sa mutum ya ji ƙarfi, ya ci abinci, kumatu su ciko, dangi su ce ya murmure. A ciki kuwa tana hura suga, tana hura jini. Duk garin da ba suna, ba kwanan wata, aka ce yana maganin suga da hawan jini da basir da sanyi da ƙarfin maza gaba ɗaya, ku bar wa mai shi kayansa.

Mun san ba taurin kai ne kaɗai ke sa a bar magani ba. Wani kuɗi ne suka yanke. Wani ƙwayar ce ta dame shi. Wani ya gaji, shekara biyar yana haɗiya. To ku faɗa mana mana! Kusan kowace damuwa tana da gyara. Metformin tana sa tashin zuciya da gudawa a farko, musamman in an sha ta ciki ba komai. A sha ta a tsakiyar cin abinci, a fara da 500 sau ɗaya a rana kafin a ƙara, yawanci cikin mako biyu ciki ya saba. Amlodipine tana kumbura idon sawu ga wasu, sai a rage ta zuwa 5 a haɗa da wata, ko a canza. Captopril da enalapril suna kawo busasshen tari mai naci, akwai madadinsu. In kuɗi ne, ka ce a rubuta maka da sunan maganin na asali, wato jenerik, ba sunan kamfani ba, domin aikin ɗaya ne, farashin ne ya bambanta. Alhaji, in kana zargin maganin ya rage maka kuzari a gida, ka rufe ƙofa ka gaya wa likita. Sau da yawa sugan ne da hawan jinin suka lalata jijiyoyin, barin magani kuma ƙara ta'azzara abin yake yi.

Jita-jitar da ta fi ba mu haushi ita ce wai ƙwayar asibiti tana kashe ƙoda. Suga da hawan jinin da aka bari ba linzami su ne kan gaba wajen kai mutane wankin ƙoda, awa 4 a kwance jikin na'ura, sau biyu ko uku kowane mako. Ƙwayar da ke cin ƙoda da gaske ita ce wadda ba kwa tsoro: diclofenac da ibuprofen na mai tebur a bakin hanya, da ake watsawa biyu-biyu kullum don ciwon baya da gwiwa. Su ne kuma ke ƙara hawan jini. Mai hawan jini ko suga, in jiki na ciwo ya sha paracetamol, in bai bari ba ya zo.

Wanda ke neman maganin gida da gaske, yana cikin tukunyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke cikin burodi da kilishi da busasshen kifi da yajin tsire. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Inna za ta ce ta daina sa wa Malam gishiri, amma ta marmasa magi biyar a miyar kuka, ta jefa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi. Kanwar nan da ake kawowa daga yankin tafkin Cadi, sinadarin da ke tayar da jini a gishiri shi ne a cikinta. A rage a hankali, magi ɗaya a cire kowane mako, a cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, kimba da masoro. Cikin 'yan makonni harshe ya saba. Kuma a rage wa gidan duka, kada a ware wa mutum ɗaya tukunya, don ba ya ɗorewa.

Shayi kuma sai dai mu yi haƙuri da juna. Hukumar ta ce suga a yini kada ya wuce giram 50 ga mai lafiya, in an tsaya a 25 ya fi. Dunƙule ɗaya wajen giram 5 ne. Ka ƙirga na majalisa: ɗan ƙaramin kofi, na fari, na biyu, na uku, safe da la'asar da dare. Kwalbar lemu ta santilita 33 ita kaɗai tana da wajen giram 35. Ba a ce ka bar majalisa ba. A zuba naka kafin a sa suga.

Tuwo ba haram ba ne ga mai ciwon suga, yawansa ne matsala. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka, ta dawa ko gero da ba a surfe ta fes ba, miyar ganye ta ninka ta yawa, da kifi ko wake ko ƙwai a gefe. Farar shinkafa da burodi da fanke da kunu mai suga sun fi saurin tayar da awo. Kada kuma a ƙi cin abinci don tsoro alhali an sha glibenclamide.

Sauran a gurguje:

- Ƙwaya kullum a lokaci ɗaya. Haɗa ta da sallar asuba ko karin kumallo don kada a manta. Saura kwana 5 ta ƙare, a sayo wata.
- Awon jini aƙalla sau ɗaya a wata, a zaune, bayan hutun minti 5. Abin nema ƙasa da 14/9.
- Awon suga kafin karyawa: 1.26 zuwa sama sau biyu, ciwon suga ne. Mai shan magani ya nemi tsakanin 0.80 da 1.30.
- Suga ya faɗi: dunƙule uku a ruwa, a sake bayan minti 15 in bai dawo ba, sannan a ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a ɗauko shi.
- Duba ƙafa kowane dare har tsakanin yatsu. Ba tafiya ba takalmi, ba gashi da ruwan zafi. Ƙaramin rauni, asibiti a ranar, kada a barbaɗa gari.
- Insulin a zafin Maris da Afrilu: in ba firji, a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye a sanyin randa. Ba a sa ta cikin ƙanƙara.
- Tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako.
- Azumi: a zo wata guda kafin Ramadan a gyara lokutan magani.
- Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure: asibiti nan take, ba jiran gobe.

Ranar da za ku zo awo, ku zo da karne, da kwalayen magani har waɗanda suka ƙare, da gorar nan da garin nan, duk abin da ake sha. Ba wanda zai ƙwace muku. Za mu duba tare mu ce wannan a ci gaba, wannan a rage, wannan a zubar yau.