Wa ke shiga, wa ke korar wani: dokar ƙungiyar masu sabuwar fasaha

A wata fada a unguwar Birni, nan Damagaram, matasa masu zane da masu waƙar baka suna son kafa ƙungiyar da za ta bijire wa salon da aka saba. Kafin a zuba shayi na biyu gardama ta tashi, wani ya tambaye ni: "Malam, in mun saɓa, maganar wa za a bi?"

Wata ƙungiya ta taɓa rubuta amsarta. Ana kiranta Internationale situationniste, masu zane da marubuta suka kafa ta a Italiya a 1957, Guy Debord ɗan Faransa ne jigonta. A taronta na birnin Venis, a Italiya, a 1969 ta tsara dokar zama mamba. Ba rajista ake yi a biya kuɗi ba, sai mutum ya nuna ƙwazonsa ya kai na sauran, a tunani da a aiki. Da ya shiga, ƙuri'arsa daidai take da ta kowa. Abin da masu rinjaye suka yanke, kowa zai aiwatar, har wanda bai so ba. In kuwa saɓanin ya taɓa tushen tafiyar, wajibi ne marasa rinjaye su raba gari.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana burge ni, don ya hana zaman doya da manja. Na farkon ne ke damuna. Wa ke auna ƙwazon? Waɗanda ke ciki. Mutum wajen 70 suka taɓa zama mambobi, aka kori fiye da rabi, ƙungiyar ta rushe a 1972.

Haka ma su marubuci André Breton, da suka fitar da sanarwar Surrealisme, wata tafiyar masu sabuwar fasaha, a Paris a 1924, sun kori mai zane Max Ernst don ya karɓi babbar kyautar baje kolin zane ta Venis ta 1954. Ku duba yaronmu mai rubuta allon shago a Zengu, fenti duk a yatsunsa, da shi yake ciyar da tsohuwarsa. Ranar da wata hukuma ta ba shi aikin bango, cin amana za a kira shi?

Shi ya sa na ce wa 'yan fadar su fara rubuta dokar kora kafin su zaɓi suna: laifin da ke jawo ta, ƙuri'a nawa ake bukata, kuma a saurari mutum ido da ido kafin a ɗaga hannu.