Dillalin Inshora da Ƙananan 'Yan Kasuwa a Katsina

Dillalin inshora kamfani ne mai lasisi da ke shiga tsakanin mai dukiya da kamfanonin inshora. Aikinsa shi ne ya duba sana'ar mutum da haɗuran da ke tattare da ita, ya zaga kamfanoni ya nemo masa kariyar da ta dace, ya daidaita farashi, sannan ya tsaya masa ranar da asara ta auku. Ana ce masa mai zaman kansa domin ba ya ƙarƙashin kowane kamfanin inshora. Yawancin kamfanonin inshorar Najeriya hedikwatarsu na Legas, kaɗan na Abuja, don haka ɗan kasuwar Katsina ko Daura da wuya ya taɓa ganin fuskar waɗanda za su biya shi diyya. Wanda zai gani shi ne dillali ko wakili, kuma zaɓen wannan mutum na iya zama mafi nauyin shawara a duk harkar.

Dillali da wakili

A bakin mutane duk wanda ya zo da jakar takardun inshora “ejan” ne, amma doka ta raba su gida biyu. Wakili yana aiki ne da sunan kamfanin da ya naɗa shi, hajar kamfanin yake tallatawa, kuma kamfanin ne ubangidansa. Dillali kuwa a idon doka wakilin mai saye ne. Yana da damar ya kawo farashin kamfani uku ko huɗu ya jera a gaban mai shago, ya ce wannan ya fi araha amma bai haɗa da ambaliya ba, wancan ya fi tsada amma an san shi da saurin biya.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar dabbobi ta Mai'adua ko Charanchi ya san dillali ya kuma san la'ada. Bambancin a nan shi ne, la'adar dillalin inshora daga kamfanin take fitowa, ana yankarta daga cikin kuɗin da mai dukiya ya biya. Tsohuwar Dokar Inshora ta 2003 ta ƙayyade ta a lokacinta: kada ta wuce kashi 12.5 cikin 100 a inshorar mota, kashi 20 cikin 100 a yawancin sauran nau'o'i, wakili kuma kada ya karɓi fiye da rabin abin da dillali ke karɓa. Wannan tsari yana da ɗan lauje cikin naɗi wanda ya kamata mai saye ya sani. Mutumin da ke yi maka aiki, wani ne ke biyansa. Dillalin kirki ba ya jin nauyi in aka tambaye shi nawa ce la'adarsa a kan wannan kamfani, nawa ce a kan wancan, kuma wanda ya fara kame-kame a wannan tambaya ya riga ya ba da amsa.

Doka da hukumomi

Harkar inshora ta shigo Najeriya ne ta hannun kamfanonin Ingila. Royal Exchange Assurance ya buɗe reshe a Legas a 1921, gwamnatin tarayya kuma ta kafa nata kamfanin, NICON, a 1969. Hukumar da ke sa ido a kan harkar a yau ita ce NAICOM, wadda aka kafa a 1997, kuma ita ke ba kamfanoni da dillalai da wakilai lasisi. Dillalai suna da majalisarsu ta ƙasa, NCRIB, wadda doka ta amince da ita a 2003, sai an yi rajista da ita kafin a yi dillanci. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15. Duk da wannan tsawon tarihi, abin da 'yan Najeriya ke biya na inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba.

Akwai inshorar da doka ta wajabta. Wadda kowa ya sani ita ce ta abin hawa, mai biyan ɓarnar da direba ya yi wa wani. Daga 1 ga Janairun 2023 kuɗinta na motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiyar da take biya kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Akwai kuma ta gine-ginen da jama'a ke shiga, kamar makarantu, asibitoci da masaukai, da ta manyan benaye da ake kan ginawa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga NSITF, asusun gwamnatin tarayya mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki.

Abin da ɗan kasuwa ke karewa

Ranar 22 ga Maris 2021 wuta ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina, wato Kasuwar Fatima Baika, ta cinye ɗaruruwan shaguna. Abin da ya biyo baya shi ne abin da aka saba gani bayan gobarar kasuwa a Arewa: jaje, addu'a, kwamiti, gidauniya, da gudummawar gwamnati da ta masu hali. Wannan zumunci abin alfahari ne, ya kuma share hawayen mutane da yawa. Sai dai gudummawa rabawa ake yi gwargwadon abin da aka tara, ba ta bin lissafin abin da kowa ya rasa, kuma wanda jarinsa na shekara ashirin ya zama toka yakan koma gida da abin da bai kai cika kanta guda ba.

Inshorar gobara ita ce ginshiƙin kariyar ƙaramin kasuwanci. Ta asali tana biyan ɓarnar wuta da tsawa. Ana faɗaɗa ta ta haɗa da guguwa, ambaliya, fashewar bututun ruwa, tarzoma, da motar da ta ƙwace ta afka wa gini. Ba a ɗauka cewa waɗannan suna ciki sai an gan su a rubuce. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta kashe mutane sama da 40 ta kuma rushe gidaje masu yawa, ya san cewa a wannan yanki ruwa ma yana cin dukiya kamar wuta. Tsabar kuɗin da aka bari a aljihun tebur ba ya cikin inshorar gobara, yana da tasa takardar daban. Haka ribar watannin da shago zai yi a rufe ana gyara, ita ma sai an saye mata kariya ta musamman.

Inshorar fasa shago tana biya ne in ɓarawo ya shiga da ƙarfi, ya karya kwaɗo, ya huda bango ko ya ɓanɓare kwano. In yaron shago ne ya riƙa zare kaya a hankali, ko ya gudu da cinikin mako, wannan cin amana ne, kuma takardarsa daban ce. Mai sayo kaya daga Kantin Kwari ko Singa a Kano, ko mai lodin hatsi daga Dandume zuwa kudu, abin da ya shafe shi shi ne inshorar kaya a kan hanya. A nan ne ya fi kamata a zauna da dillali a karanta togaciya layi-layi. Yawancin takardu suna cire yaƙi da ta'addanci, wasu suna hana tafiyar dare ko barin mota ba mai gadi, wasu kuma iyakarsu ƙasar Najeriya, ta yadda kayan da suka ƙetare Kongolam ko Magama sun fita daga kariya. Ɗan kasuwar da ke bin hanyoyin da 'yan bindiga ke tarewa yana da haƙƙin a ba shi amsa a rubuce: in an tare motar an kwashe kayan, za a biya ko ba za a biya ba? Manoma da masu kiwon kaji suna da hukumar gwamnatin tarayya, NAIC, wadda tun 1987 take inshorar amfanin gona da dabbobi.

Ƙimar kaya

Babu inda ƙananan 'yan kasuwa suka fi cutar kansu kamar wajen faɗin ƙimar kayansu. Bahaushe ba ya son bayyana yawan dukiyarsa, ko don kunya, ko tsoron baki, ko gudun haraji. In dillali ya ce, “Alhaji, kayan nan za su kai nawa?” amsar da aka saba ji ita ce, “To, Malam, sai godiya, rubuta miliyan huɗu,” alhali atamfa da shadda da leshin da ke jere har rufi sun kai miliyan goma. Alhaji yana ganin ya rage kuɗin da zai biya, kuma ya rage ɗin.

Matsalar tana bayyana ne bayan wuta. Takardun inshorar dukiya suna ɗauke da sharaɗin cewa wanda ya yi inshorar wani kaso na dukiyarsa, wannan kason kawai za a biya shi daga kowace asara. Alhajin da ya rubuta miliyan 4 a kan kayan miliyan 10 ya kare kashi 40 cikin 100 ke nan. In wuta ta ci kayan miliyan 5, naira miliyan 2 zai karɓa, sannan a cire ɗan kason farko da takarda ta ce mai dukiya ne zai ɗauka da kansa. Daga nan ake fita ana cewa 'yan inshora macuta ne, alhali sharaɗin yana cikin takardar tun ranar farko, ba a dai karanta masa ba. Laifin a nan rabi na dillali ne, domin bayyana wannan lissafi da Hausa, kafin a sa hannu, shi ne ainihin abin da yake cin la'ada a kansa.

Ƙima kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Shagon yadi yana cika maƙil kafin azumi da Sallah, siton hatsi yana cika da kaka ya ragu da bazara, kuma lokacin da sito ya fi cika shi ne hunturu, lokacin da iska da bushewa ke sa wuta ta fi gudu. Akwai tsarin da mai kaya ke sanar da ƙimar hajarsa wata-wata, a daidaita kuɗin a ƙarshen shekara, wanda ya dace da irin wannan kasuwanci. Tashin farashin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar naira a 2023 ya sa duk adadin da aka rubuta kafin lokacin ya zama tsohon zance, don haka sabunta takarda ba tare da sake lissafi ba kuskure ne.

Takaful

Mutane da yawa a Katsina suna guje wa inshora saboda addini. Malamai da dama sun soki inshorar kasuwanci da aka saba da ita saboda garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, da kama da caca, da zuba kuɗin a harkokin da ke da kuɗin ruwa. Takaful ita ce hanyar da aka gina don kauce wa waɗannan. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, wanda asara ta sama a biya shi daga asusun, kamfani kuma yana karɓar ladan gudanarwa a matsayin wakili ko ya raba riba ta hanyar mudaraba, wato juya jarin wani a raba riba. In an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa mahalarta, kuma kowane kamfani yana da majalisar malamai masu duba ayyukansa. Wanda ya san adashi da gudummawar biki ba zai ji tsarin baƙo ba. Kamfanin farko irin wannan an kafa shi a Sudan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni irin su Noor Takaful, Jaiz Takaful da Salam Takaful. Dillali mai zaman kansa yana iya kawo farashinsu tare da na sauran. Sharaɗin ƙima da togaciya suna nan a takaful kamar yadda suke a ko'ina.

Tantancewa da biyan kuɗi

NAICOM tana wallafa sunayen kamfanoni da dillalai masu lasisi a shafinta na intanet, kuma lasisin dillali sabunta shi ake yi, don haka a duba kwanan watan da ke jikinsa. Doka ta wajabta wa dillali ya mallaki inshorar da za ta biya in kuskurensa ya jawo wa abokin hulɗarsa asara. Takardar inshorar mota ta bogi ta yi yawa a bakin ofisoshin lasisi da tashoshi. Ana gane ta gaskiya ta hanyar danna *565*11# a waya a sa lambar motar, a ga ko tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora.

Tun Janairun 2013 ake aiki da ƙa'idar cewa in ba a biya kuɗi ba, babu kariya. Inshora ba ta karɓar “a rubuta, zan kawo ranar kasuwa”. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin dillalin ko na kamfanin inshorar, a karɓi rasidi, sannan a nemi cikakkiyar takardar da lambarta da sunan kamfanin da ya ɗauki haɗarin.

Ranar asara

Da zarar abu ya faru a sanar da dillali nan take, domin takardu suna ƙayyade kwanakin sanarwa. A samo rahoton hukumar kashe gobara ko na 'yan sanda, a ɗauki hotuna, kada a share wurin sai mai kiyasta asara ya zo ya gani. Shi wannan jami'i kamfanin inshora ne ke turo shi, kuma hujja yake nema: rasidan sari, littafin ciniki, bayanan asusun banki, takardar hayar shago. Dillali ne ya kamata ya tsaya tare da mai shago a wannan zama, ya yi jayayya a kan lissafi in an rage, ya bi takardu har kuɗi su shiga. In kamfani ya ƙi biya ba da hujja ba, NAICOM tana da sashen karɓar koke.

Littafin ciniki yawanci a cikin shagon yake kwana, kuma tare da kayan yake ƙonewa. Shi ya sa dillalai masu lura suke roƙon mai shago ya riƙa ɗaukar hoton rasidai da shafukan littafin da wayarsa duk ƙarshen mako, ya tura wa ɗansa ko ƙaninsa ta WhatsApp, a samu kwafi ɗaya a gida.