Ma'anar "jenda", da abin da kalmar jinsi ke ɓoyewa

Tun cece-kucen da aka yi a 2024 kan Yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka sa wa hannu da Tarayyar Turai, aka yi zargin tana goyon bayan auren jinsi, kalmar "jenda" ba ta bar bakin 'yan siyasa da masu sharhi a rediyo ba. Ana cikin haka Donald Trump ya sa hannu, a Janairun 2025, kan umarnin cewa gwamnatin Amurka namiji da mace kaɗai ta sani. A Afrilun shekarar kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce "mace" a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Duk labaran nan da kalma ɗaya ake kawo mana su, wato jinsi. Mai sauraro da ya ji jinsi sai hankalinsa ya tafi kan auren jinsi, a kama tofin Allah tsine, a tashi ba a san kan me ake rigimar ba.

Jinsi daga Larabci muka aro ta, ma'anarta iri ko nau'i. Ɗalibin nahawu ya san kujera mace ce, tebur namiji ne, alhali babu mai haihuwa a cikinsu. Haka "jenda" take a Turanci, kalmar nahawu ce, kafin masanin halayyar ɗan Adam John Money ya shigo da ita maganar mutane a shekarun 1950, likitan ƙwaƙwalwa Robert Stoller kuma ya faɗaɗa ta a shekarun 1960. Daga nan aka samu abubuwa uku. Akwai halittar jiki. Akwai abin da al'umma ke ɗora wa mai wannan jikin, kamar wa zai yi girki, wa zai yi noma. Sannan akwai abin da mutum yake ji a ransa cewa shi ne. Kan na ukun nan ake faɗa yau. Babu ɗaya cikinsu da ke magana kan wanda mutum yake sha'awa, luwaɗi da maɗigo babinsu daban. Kuma don Allah a daina kiran masu sauya jinsi mata-maza. Mata-maza halittar jiki ce da aka haifi mutum da ita, malaman fiƙihu sun daɗe da yi mata hukunce-hukunce.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake nuna kamar faɗan tsakanin masu addini ne da waɗanda suka yi watsi da addini. Wanda ke son ganin ba haka ba ne, ya leƙa wajen mabiya addinin Pagan na Turai da Amurka. Ba Maguzawa ba ne irin waɗanda suka gaji abinsu kaka da kakanni. Mutanen birni ne, galibi 'yan boko, da suka farfaɗo da bautar allolin Turai na kafin zuwan Kiristanci. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 kimanin mutum 74,000 suka ce su Pagan ne. Ba su da littafi ɗaya, ba su da shugaba ɗaya, kuma sun yi suna wajen karɓar kowa. Duk da haka maganar nan ta raba su.

Reshensu mafi shahara, Wicca, Gerald Gardner ne ya fito da shi fili a Ingila a 1954. Ya gina shi kan ubangiji namiji da ubangijiya mace. Namiji ke shigar da mace ƙungiya, mace ke shigar da namiji. A tsakiyar ibada ɗaya zai riƙe ƙoƙon giya, ɗaya ya tsoma tsinin wuƙa a ciki, alamar haɗuwar namiji da mace wadda suke ganin daga gare ta rai ke fitowa. A irin wannan tsari, dole wata rana a tambayi wace ce mace.

Zsuzsanna Budapest, haifaffiyar Hangare, ta kafa nata reshen a Los Angeles a 1971, na mata zalla, masu bautar ubangijiya kawai, aka san su da 'yan Diana, sunan wata ubangijiyar Rumawan da. Ibadarsu a kan jikin mace take zagayawa: fara al'ada, ɗaukar ciki, haihuwa, ɗaukewar jini. A 2011, a PantheaCon, taron mabiya Pagan da ake yi duk shekara a wancan lokacin a wani otal a San Jose ta Kalifoniya, wata ƙungiyar mata da ta samo asali daga Budapest ta shirya ibadar Lilith, wata halitta mace a tatsuniyoyin Yahudawa. Jadawalin taron bai fayyace wa aka yarda ya shiga ba. Waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwa a matsayin mata suka zo, aka mayar da su daga bakin ƙofa. Shekara na zagayowa Budapest da kanta ta shirya ibada, ta sa aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa sai waɗanda aka haifa mata. Marubuciya T. Thorn Coyle ta jagoranci mutane suka zauna a farfajiyar da ke gaban ɗakin, shiru, babu ihu babu zagi, masu shiga suna ratsa su.

Na cikin ɗaki da na waje duka 'yan rajin kare haƙƙin mata ne, duka kuma ba su da matsala da auren jinsi, Budapest ma da kanta 'yar maɗigo ce. Na ciki suna cewa mace jiki ce, da jininta da mahaifarta da wahalar da ta sha tun tana yarinya. Na waje suna cewa mace ita ce wadda ta san kanta mace, kuma ubangijiya ba ta duba abin da ke ƙarƙashin riga. In ka fassara maganar ɓangarorin biyu da "jinsi" kaɗai, sai a ji kamar abu ɗaya suke faɗa.

Ni dai ban yarda abin da mutum yake ji a ransa, wanda babu mai iya leƙawa ya tabbatar, ya isa ya shafe hukuncin jiki ba. Matan da suka ce a bar musu ɗaki ɗaya su yi maganar haila da ɓari a tsakaninsu ba su nemi abin da ya wuce kima ba. Sai dai tozarta mutum a bakin ƙofa a gaban jama'a, bayan ba a sanar da shi tun farko ba, wannan zalunci ne, kalaman da Budapest ta rubuta kan masu sauya jinsi a lokacin kuma sun yi kaushi ƙwarai.

Bayan taron 2012 masu shirya PantheaCon suka kafa ƙa'ida cewa duk ibadar da aka rubuta "mata kaɗai" a jadawali, a buɗe take ga duk mai ɗaukar kanta mace. Ƙungiyar da ta rufe ƙofa a 2011 ta fice daga silsilar Budapest, ta sauya suna. Wasu 'yan Diana kuwa, irin su Ruth Barrett, suka ci gaba da ibadarsu ga waɗanda aka haifa mata kaɗai.