Baƙin akwatin jirgin sama: daga teburin masu bincike zuwa gaban alƙali

Duk ranar da jirgin sama ya faɗi, tun ba a gama kwashe gawawwaki ba za ka ji ana tambaya ko an gano baƙin akwati. Akwatin kuwa ba baƙi ba ne, launin ruwan lemo gare shi mai ɗaukar ido, don a hango shi cikin tarkace ko laka. Galibi ma biyu ne. Ɗaya na naɗar muryoyin matuƙa da duk wani ƙara a ɗakin tuƙi, ɗayan kuma na rubuta halin da jirgi ke ciki: gudunsa, nisansa daga ƙasa, ƙarfin injuna, da abin da matuƙi ya taɓa. A wajen wutsiya ake girke su, inda dukan faɗuwa ya fi sauƙi.

Mutumin da aka fi dangantawa da na'urar shi ne David Warren, masanin kimiyya ɗan Ostareliya, wanda mahaifinsa ya rasu a haɗarin jirgi a 1934, lokacin yana ɗan shekara tara. A 1953 aka sa shi cikin masu nazarin faɗuwar jiragen Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet. Ba wanda ya tsira balle ya ba da labari, sai Warren ya ga cewa da an naɗi maganar matuƙa, da an huta da lalube cikin duhu. Ya haɗa samfuri, amma a gida ba wanda ya kula shi. Matuƙa kuwa suka ce ba za a dasa musu ɗan leƙen asiri a ɗakin tuƙi ba. Sai da wani jirgi ya faɗa teku kusa da garin Mackay a 1960, mutum 29 suka mutu aka rasa sanadi, sannan Ostareliya ta zama ƙasar farko da ta wajabta naɗar murya.

Wancan tsoro na matuƙa bai tafi a banza ba, domin ya bar sawu a doka. Ƙa'idar binciken haɗari ta Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta ce manufar bincike ita ce hana aukuwar wani haɗarin, ba ɗora laifi ko alhakin diyya ba. A Amurka doka ta hana shigar da rahoton hukumar bincike a matsayin hujja a shari'ar neman diyya, kuma hukumar ba ta sakin muryoyin ga jama'a, sai dai rubutaccen abin da aka faɗa. A ganina akwai hikima a nan: matuƙin da ya san kowace kalmarsa za ta iya zama igiyar wuyansa ba zai saki baki da abokin aikinsa ba.

Akwatin yau an ƙera shi ya jure wuta mai zafin digiri 1,100 na tsawon awa guda, da nauyin ruwa a zurfin mita 6,000. A jikinsa akwai wani ɗan bututu da ke fara aika sauti da zarar ya taɓa ruwa. A da batirinsa kwana 30 yake yi, yanzu an kai shi 90. Haɗarin Air France mai lamba 447 na cikin abin da ya jawo ƙarin. Jirgin ya faɗa Tekun Atlantika ranar 1 ga Yuni, 2009, da mutum 228, ba a ciro akwatunan ba sai a Mayun 2011, daga zurfin kusan mita 4,000. Da aka buɗe, bayanan na nan daram: ƙanƙara ta toshe na'urorin auna gudu, matuƙa suka rikice, aka ɗaga hancin jirgi har iska ta daina ɗaukarsa.

To ina zancen diyya ya shigo? Yarjejeniyar Warsaw ta 1929 ta ƙayyade abin da kamfani zai biya a kan kuɗi kaɗan. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta raba abin hawa biyu. A hawa na farko kamfanin jirgi zai biya asarar da aka tabbatar ko da laifinsa ko babu, har zuwa wani adadi da ya fara daga 100,000 na kuɗin lissafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda a ƙarshen 2024 ya kai 151,880, wato wajen dala 200,000. Abin da ya haura haka, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ba sakacinsa ba ne. Nan ne akwatin ya zama abin rububi. Rahoton hukuma na iya tsayawa a ƙofar kotu, amma alƙaluman da na'urar ta rubuta lauyoyi kan nemo su, kowane ɓangare ya kawo ƙwararrensa ya fassara. Idan matuƙi ne ya yi kuskure, kamfanin jirgi da inshorarsa ne a ciki. Idan ƙira ce, sai a nufi maƙera.

Haka aka yi da jirgin Habasha da ya faɗi ranar 10 ga Maris, 2019, da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi na Najeriya. An kai akwatunan Faransa aka karanta, sai ga bayanan sun yi kama da na jirgin Lion Air da ya faɗi a Indunusiya kusan wata biyar kafin nan: wata manhaja a jirgin Boeing 737 MAX tana ta danna hancin jirgi ƙasa, matuƙa na ja tana mayarwa. A 2021 Boeing ya amince da alhakin biyan diyya a ƙararrakin da iyalai suka shigar a Chicago.

A Najeriya labarin ya fi ɗaci, domin sau da yawa shaidar ce ke ɓacewa. Jirgin Bellview da ya faɗi a ƙauyen Lisa na jihar Ogun a Oktoban 2005 ya hallaka mutum 117, ba a taɓa samun akwatunansa ba, rahoton ƙarshe kuma bai iya tantance sanadi ba. Na kamfanin Dana da ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni, 2012, wuta ta cinye ma'ajiyar bayanan jirgin, sai naɗin murya na kusan rabin awa ya tsira. Daga shi aka ji cewa injin ɗaya ya fara gazawa tun jirgin bai daɗe da tashi daga Abuja ba, matuƙa ba su karkata zuwa fili mafi kusa ba, injin na biyu kuma ya mutu suna dab da sauka.

Dokar sufurin jiragen sama ta Najeriya ta 2006, wadda ke aiki a lokacin, ta ce a ba iyalan mamaci kafin alƙalami na dala 30,000 cikin kwana 30. Sai dai tsarin Montreal shekara biyu kacal ya ba mai neman diyya ya shigar da ƙara, shi kuwa rahoton ƙarshe na haɗarin Dana bai fito ba sai a 2017, kusan shekara biyar bayan faɗuwar jirgin.