Waiwaye: gargaɗin mai binciken kod da ikirarin masu rubuta kwamfaila

Kwamfaila ce ke juya abin da mai shirya manhaja ya rubuta zuwa yaren da kwamfuta ke ji. In ta yi tuntuɓe, duk abin da aka gina da ita na iya kwasar cutar. Shi ya sa masu rubuta ta suka daɗe suna dogaro da masu gadi biyu.

Na farko shi ne ikirari, wato assert. Tun 1949 Alan Turing ya kawo shawarar a riƙa rubuta abin da aka tabbatar gaskiya ne a gaɓoɓin shiri, Tony Hoare kuma ya kafa masa ƙa'idoji a 1969. Layi ɗaya ne tak, kamar a ce: a nan manunin nan (adireshin da ke nuna inda wani bayani yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta) ba zai taɓa zama fanko ba, wato wanda ba ya nuna komai. In maganar ta ƙaryata, shirin ya tsaya cak.

Na biyu ya zo a 1978, lokacin da Stephen Johnson na Bell Labs ya fitar da lint, mai karanta kod ba tare da an kunna shi ba, yana nuna wuraren da yake zargi. Jikokinsa sun yi yawa: Coverity, mai binciken kwamfailar Clang, da wanda kwamfailar GCC ta samu a 2020.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da biyun suka haɗu. Mai bincike zai yi gargaɗi cewa manuni na iya zama fanko a layi kaza. Mai kod ya san hakan ba ya faruwa, ko dai yana zaton ya sani, sai ya ɗora assert a sama. Nan take gargaɗin ya ɓace, domin mai binciken yana ɗaukar ikirarin a matsayin gaskiya, ya daina bin wannan hanyar. Amma da zarar an kunna NDEBUG, wato makunnin da ke cire duk wani assert daga shiri, kamar yadda ake yi wa yawancin LLVM (tarin kayan gina kwamfaila) da ke isa hannun jama'a, an share ikirarin gaba ɗaya. Ba mai gadi ko ɗaya a ƙofar.

Wannan ne ke damuna ƙwarai. Assert ɗin da aka rubuta bayan an bi kod an tabbatar, da wanda aka liƙa don kawai na'ura ta yi shiru, kamarsu ɗaya a ido.

A 2011 yarukan C da C++ sun samu static_assert, wanda ake dubawa tun lokacin da kwamfaila ke fassara kod, NDEBUG kuma ba ya taɓa shi. Sai dai abin da aka sani kafin a kunna shiri kaɗai yake iya dubawa, irin su girman wani nau'in bayanai. Manunin da zai zama fanko ana tsakiyar aiki ya fi ƙarfinsa.