Tantance Buƙatun Manhaja

Tantance buƙatun manhaja shi ne aikin daidaita fahimta tsakanin masu amfani da manhaja da masu haɗa ta, a kan abin da za ta riƙa yi, kafin aiki ya yi nisa. Wuyarsa ita ce mai amfani ba ya faɗin abin da ya ɗauka kowa ya sani, mai haɗawa kuwa ba ya tambayar abin da bai san da shi ba.

A ce ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya nemi manhajar lissafin kaya. Da wuya ya ambaci cewa dila yake sarowa ya sayar turmi-turmi, ko wani abokin ciniki daga Nijar yana ɗaukar kaya bashi sai ya dawo, balle la'adar dillali. Sannan ba Alhaji ne zai riƙa latsa wayar ba, yaron shago ne, a tsakiyar ciniki, wani lokacin ba intanet. Shi ya sa wuni guda da mai haɗa manhaja zai yi a shagon yakan fi taro goma a ofis amfani.

A tsohon tsari, wanda ake dangantawa da maƙalar masanin kwamfuta Winston Royce ta 1970, akan rubuta buƙatun duka, a sa hannu, sannan a fara gini, kuskure kuwa sai a ƙarshe yake fitowa. A 2001 masana 17 suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a Amurka, suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta fifita aiki tare da mai neman manhajar a kan jayayyar kwangila. A tsarin Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin aiki da Agile, ana raba aiki zango-zango, kowanne ba ya wuce wata guda, tawaga na ganawar minti 15 kullum, mutum ɗaya ne ke jera buƙatu bisa muhimmanci, a ƙarshen zango a nuna wa masu amfani abin da aka gama su yi gyara.

Wajen jera buƙatun akan yi amfani da Tsarin Kano, wanda bai haɗa komai da birnin Dabo ba sai suna: Farfesa Noriaki Kano na Japan ne ya fitar da shi a 1984. Ya bambanta buƙatun dole, da waɗanda ƙaruwarsu ke ƙara gamsuwa, da na burgewa. A shagon Kwari, rubuta bashi dole ne, tura wa mai bashi saƙon tuni ta WhatsApp kuwa burgewa ce.